Tsohuwar Mak-Fo Da Masu Yi Mata Ɗurin Harsashi

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan kafin yaƙin basasa, ko kuwa cikin shekarun da suka biyo bayansa, ya san Mak-Fo. Ita ce doguwar bindigar nan mai ƙotar katako wadda akan gani a kafaɗar ɗan sanda a ƙofar banki ko baitulmali, wadda sai an ja sakatarta baya an mai da ita gaba kafin kowane harbi. Sunanta na yanka Lee-Enfield, mutuniyar Ingila ce, kuma da ita da 'yan'uwanta ne sojojin Afirka ta Yamma suka shiga dazuzzukan Bama a Yaƙin Duniya na Biyu.

Yau zamani ya sauke ta daga kafaɗar soja, amma ba ta mutu ba. Akwai ta birjik a hannun farar hula a Ingila da Kanada da Ostareliya da Afirka ta Kudu da Amurka, inda doka ta yarda mutum ya mallake ta don farauta ko gasar harbi. Abin da ya dami waɗannan mutane shi ne abincinta, watau harsashi, wanda ya yi wuya ya kuma yi tsada, har ya kai da yawansu sun koma suna ɗura abinsu da hannu a gida. To, halin da masu wannan ɗuri suka shiga tun daga shekarar 2020 ya tona wani asiri game da makamai, wanda ya kamata hukumomin tsaro na ƙasar nan su tsaya su duba da kyau.

BINDIGA TA FI ZAMANINTA TSAWON RAI

Harsashin da Mak-Fo ke ci, wanda ake kira .303, ya girme ta. Sojan Ingila sun soma aiki da shi tun wajen 1889, sa'an nan Lee-Enfield ta fito a 1895, aka yi ta gyara ta har aka kai ga samfuri na huɗu wanda aka raba wa soja a 1941. An ƙera ta a Ingila da Kanada da Amurka da Ostareliya da Indiya, jimla fiye da miliyan 16. Cikinta yana ɗaukar harsashi goma. Sai a 1957 ne Ingila ta soma maye gurbinta da bindiga mai ɗana kanta.

Ba ita kaɗai ce tsohuwa mai ƙarko ba. Rasha tana da Mosin-Nagant ta 1891, wadda aka ƙera fiye da miliyan 30, Jamus kuma tana da Mauser ta 1898. Da aka gama yaƙe-yaƙen duniya, gwamnatoci suka ga rumbunansu sun cika da kayan da ba sa bukata, sai suka yi gwanjonsu ga 'yan kasuwa, bindiga da harsashi duka, a kan kuɗi kaɗan. Ta haka ne manomi a Kanada ko makiyayin tumaki a Ostareliya ya sami bindigar harbin barewa da araha.

Wasu hukumomin ma ba su rabu da ita da wuri ba. Dakarun sa-kai masu sintiri a yankin ƙanƙara na arewacin Kanada sun riƙe ta tun daga 1947, ba a soma canja musu ita ba sai wajen 2018, dalili kuwa shi ne kayan gyaranta sun ƙare, alhali ita kanta tana harbi lafiya cikin sanyin da kan sa wasu sababbin bindigogi su daskare. 'Yan sandan jihar Uttar Pradesh ta Indiya kuwa sai ran 26 ga Janairu, 2020 suka yi faretin ban kwana da ita.

Ƙarfe da katako, idan ana shafa musu mai, sukan yi shekara ɗari. Harsashi ba haka yake ba. Wanda aka harba ya tafi ke nan, wanda aka ajiye kuma yana tsufa. Tsohon harsashin soja yakan yi nauyin tashi, a ja kunama a ji shiru, sai bayan ɗan lokaci ya tashi, wani kuma ya ƙi tashi sam. Haka nan yawancinsa yana barin wani gishiri a cikin bututun bindiga, wanda in ba a wanke nan da nan ba sai tsatsa ta cinye shi. Gwanjon harsashin .303 da aka riƙa samu daga rumbunan Ingila da Girka da Pakistan da Afirka ta Kudu ya yi ta raguwa har ya zama sai an tona, tun da babu wata babbar rundunar soja da ke sa a ƙera mata shi yanzu.

MENE NE ƊURIN HARSASHI?

Maharbin da ya saba da bindigar toka ya san ɗuri, domin kowane harbi sai ya zuba albarushi ta baki ya danna. Harsashin zamani wannan ɗurin ne aka yi shi tun daga masana'anta aka rufe cikin kwanso. Abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, da albarushi a cikinsa, da ƙwayar dalma a bakinsa, da wata 'yar hula a gindinsa wadda ita ce ƙyastun harsashi, ita allurar bindiga ke sara wuta ta kama. Idan an harba, uku sun tafi, kwanso ya saura. Kwanson nan kuwa shi ya fi sauran tsada. Saboda haka mai ɗuri yakan tsince kwansonsa, ya gyara shi, ya sayi sauran ukun daga kanti, ya sake haɗa su da 'yar na'urar matsi a kan teburinsa.

Masu wannan aiki suna da dalilai uku. Na farko rangwamen kuɗi. Na biyu, akwai tsofaffin bindigogin Faransa da Italiya da Japan waɗanda harsashinsu sai a zaga kantuna da yawa ba a samu ba, in ba ɗuri sai dai a rataye su a bango. Na uku kuwa shi ne tsofaffin bindigogin nan ba su zama daidai wa daida ba. An ƙera su cikin gaggawar yaƙi a masana'antu dabam-dabam, ga shi kuma albarushin da ake kira kodayit, wanda Ingila ta daɗe tana aiki da shi, yana da zafi ƙwarai, ya zaizaye bututun da yawansu. Sai ka ga Mak-Fo biyu masu kama ɗaya, amma faɗin bututunsu ya bambanta. Mai ɗuri yana iya neman ƙwayar da ta dace da tasa.

Amma Mak-Fo tana da halinta da ke wahalar da su. Waɗanda suka tsara ta sun yalwata ɗakin da harsashi ke zama da gangan, don ko ta sha laka da yashi a fagen fama ta ci gaba da aiki. Soja ba ya komawa ya tsinci kwanso, saboda haka ba wanda ya damu da cewa kwanson yana miƙewa a kowane harbi. Mai ɗuri shi ya gaji wannan matsala, don kwanson da ya sha miƙewa yakan tsinke daga gindi bayan 'yan ɗure-ɗure kaɗan. Bugu da ƙari, ƙwayar .303 ta ɗan fi wadda aka fi ƙerawa a Amurka kauri, ba kowane kamfani ke yin ta ba, masu yin ta ma sai lokaci-lokaci.

Akwai kuma wani abin mamaki game da hular nan. Iri biyu ce, duka an ƙago su wajen 1866. Ɗaya wani hafsan Ingila ne mai suna Boxer ya ƙago ta, ɗayar kuma wani Ba'amurke mai suna Berdan. Sai aka yi musaya: Amurka ta rungumi ta Baturen Ingila, rundunonin Turai kuma suka rungumi ta Ba'amurke. Ta Boxer tana da sauƙin cirewa a sa sabuwa, ta Berdan kuwa aiki ce ja. Yawancin kwanson gwanjon soja irin na Berdan ne, watau ko mutum ya tara buhu guda, amfaninsa kaɗan ne.

Aikin kuma ba wasan yara ba ne. Albarushin zamani iri-iri ne, wani yana ci da sauri wani a hankali, kuskuren awo kaɗan ko musanya wani da wani yana iya fasa bindigar da ta shekara tamanin, ya tafi da ido ko yatsun mai ita. Shi ya sa kamfanonin albarushi ke buga littattafan awo waɗanda aka jarraba a ɗakunan gwaji, masu hankali a cikin masu ɗuri kuma ba sa ƙetare su.

INDA GIZO KE SAƘA

Mai ɗuri yakan ɗauki kansa mutum mai cin gashin kansa, wanda ba ruwansa da kanti. Shekarar 2020 ta nuna masa iyakarsa. A shekarar nan, ga annobar korona, ga tarzoma a biranen Amurka, ga zaɓe, jama'a suka yi rububin sayen bindiga da harsashi irin wanda ba a taɓa gani ba. Kamfanin Remington, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera harsashi, ya karye a shekarar. Kamfanonin da suka saura suka ga hular da suke ƙerawa ba ta ma ishi nasu harsashin ba, balle su sayar wa masu ɗuri. Hula ta ɓace daga kantuna wata da watanni, inda aka same ta kuma kuɗinta ya ninka sau da yawa. Mutum yana da kwanso, yana da albarushi, yana da dalma, yana da na'ura, amma saboda rashin wani abu da bai kai ƙwayar masara ba sai ya zauna yana kallon bindigarsa.

Ba a rabu da Bukar ba aka haifi Habu. Cikin Agusta 2021 gwamnatin Amurka ta ba da sanarwar hana ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha, a cikin takunkumin da ta sa saboda gubar da aka ba ɗan adawar nan Alexei Navalny. Harsashin Rasha shi ne mai araha wanda masu Mosin-Nagant suka dogara da shi, tun da an riga an toshe na Sin tun 1994. Sa'an nan a Fabrairu 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, ƙasashen Turai suka shiga neman harsashin igwa ido rufe. Albarushin igwa da na bindiga kuwa tushensu ɗaya, wani sinadari ne da ake yi da gashin da ke manne a jikin angurya, kuma kaso mai yawa na wannan gashi daga Sin yake fitowa. Harsashin Mak-Fo guda bai ci giram uku na albarushi ba, harbin babbar igwa sau ɗaya kuwa yana cin kilo da yawa. Idan gwamnati mai yaƙi da maharbin barewa suka yi layi a ƙofar masana'anta ɗaya, an san wanda za a fara sallama. A 2024 kamfanin Alliant, wanda masu ɗuri suka daɗe suna sayen albarushinsa, ya dakatar da aika kaya kantuna saboda ƙarancin sinadarin.

Haka nan kuma masana'antun suna ta taruwa a hannu kaɗan. Sunaye huɗu ne suka shahara da ƙera hula a Amurka: CCI da Federal da Remington da Winchester. Uku na farko sun koma ƙarƙashin uwa ɗaya, kuma a Nuwamba 2024 wani kamfanin ƙasar Cek mai suna Czechoslovak Group ya saye su a kan fiye da dala miliyan dubu biyu. Sabon harsashi da kwanson .303 mai sauƙin kuɗi kuwa, da yawansa daga masana'antar Prvi Partizan ta ƙasar Sabiya yake zuwa, sai ga shi a Yuni 2025 shugaban ƙasar ya ba da sanarwar dakatar da fitar da harsashi waje. Magana ɗaya daga bakin mutum ɗaya a Belgired ta isa ta tayar da hankalin mai tsohuwar bindiga a ƙauyen Kanada.

Abin da duk wannan ya nuna shi ne, ɗuri haɗawa ne kawai. Kwanso ana maimaita shi, dalma ana narka ta, amma hula da albarushin zamani sai babbar masana'anta mai injiniyoyi da jari, irin waɗannan masana'antu kuwa ƙididdigaggu ne a duniya. Wanda ya riƙe su, shi ke riƙe da wuƙa da nama.

MASU MULKI SUN DAƊE DA SANIN HAKA

Turawan mulkin mallaka sun gane wannan tun da wuri. Yarjejeniyar Birasels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsashinsu a yawancin nahiyar, aka bar su da bindigar toka. Samori Ture, wanda ya yi shekaru yana fafatawa da Faransa kafin a kama shi a 1898, yana da maƙera masu gyara bindiga har da kwaikwayon ƙirarta, mayaƙansa kuma sukan tsince kwanso bayan an tashi daga yaƙi a kai wa maƙeran su sake ɗurawa. Duk da haka bai daina neman kayan Turawa ta hanyar Saliyo ba, da aka toshe hanyar kuwa ƙarfinsa ya ragu. A Indiya da Sudan, Ingilishi sun hana farar hula harsashi mai faɗin .450 a farkon ƙarni na 20, don kada masu tawaye su sami abin ɗura wa tsofaffin bindigogin soja da suka faɗa hannunsu.

Ƙasashen da suka yarda da ɗuri a yau, galibinsu ta wannan ƙofa suke sa ido. A Amurka dokar tarayya ba ta neman lasin ga mai ɗura wa kansa, sai in zai sayar. A Ingila kuwa, takardar izinin bindiga tana faɗin irin harsashin da mutum zai riƙe da adadinsa, kuma wata doka ta 2006 ta hana sayar da hula ga wanda bai nuna takardarsa ba. Dokar Afirka ta Kudu ta shekarar 2000 ta ƙayyade wa mai lasin harsashi 200 da hula 2,400 a kan kowace bindiga, sai fa maharba da 'yan gasa waɗanda aka yi wa rajista ta musamman. Ba su damu da ƙidaya na'urar matsi ba, don sun san ba a nan maganar take ba.

INA NIJERIYA A CIKIN WANNAN?

A nan ƙasar babu zancen ɗuri don nishaɗi. Dokar Makamai ta 1959 ta lissafa bindigogin soja masu cin .303 da 7.62 a cikin haramtattun makamai, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin shugaban ƙasa, ta kuma hana kowa ƙera bindiga ko harsashi ba da izinin hukuma ba. Aikin ƙera harsashi na masana'antar tsaro ta DICON ne da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964. Saboda haka duk wanda ya ce zai gwada abin da ake yi a Kanada, gidan yari yake nema.

Amma darasin ya shafi ƙasar nan ƙwarai. 'Yan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja da Kaduna ba Mak-Fo suke riƙewa ba, AK-47 ce a hannunsu, wadda ke iya zazzage harsashi talatin cikin 'yan daƙiƙoƙi. In har mai ɗuri a Amurka, da kuɗinsa da na'urarsa da doka a bayansa, ya kasa harbi saboda rashin hula, to ɗan ta'addan da ke cikin dajin Rugu bai isa ya ƙera abin da yake harbawa ba. Ko maƙeran da ke ƙera bindiga a ɓoye, a kan harsashin masana'anta suke auna ƙirarsu. Kowane harsashi da aka harba a kan ƙauye, wata masana'anta ce mai suna da adireshi ta yi shi, wani ya saya da takarda, wani ya ajiye a rumbu, wani kuma ya fitar da shi ya ɗauko a mota har bakin daji. Bindiga sau ɗaya ake sayenta ta yi shekara talatin, harsashi kuwa kullum sai an kawo sabo. Wanda ke bukatar a riƙa kawo masa kaya kowane mako, shi ya fi sauƙin kamawa ta hanyar kayan.

Hanyoyin kuwa biyu ne, waje da gida. Ta waje, a Yuli 2024 hukumar kwastan ta nuna bindigogi 844 da harsashi 112,500 da ta kama cikin kwantena guda a tashar jiragen ruwa ta Onne, an ɗauko su daga Turkiyya. Ta gida kuma, rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai makamai da harsasai 178,459 na 'yan sanda da ba a ga bayaninsu ba, ciki har da AK-47 guda 88,078. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In bindiga mai lamba a jikinta ta iya salwanta haka, ina ga harsashi wanda ake awonsa da akwati?

Akwai magani, an kuma gwada shi a wani wuri. Ƙasar Barazil ta yi doka a 2003 cewa harsashin da za a sayar wa 'yan sanda da soja sai an buga masa lambar rukuni a jikin kwanso. Da aka kashe wata 'yar majalisar birnin Riyo mai suna Marielle Franco a Maris 2018, kwanson da aka tsinta a wurin ya nuna cewa harsashin daga rukunin da aka sayar wa 'yan sandan tarayya ne a 2006. Kwanson da mai ɗuri ke tsinta don ya rage kashe kuɗi, shi ne mai bincike ke tsinta don ya gano ɓarawon gida.

Takardun da ake bukata duk suna nan. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 a kan ƙananan makamai ta haɗa har da harsashi da yi masa alama. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wani tsari na kula da harsashi tun daga ƙera shi har zuwa ƙarewarsa a Disamba 2023. Nijeriya kuma ta kafa cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai a 2021, aka ba ta doka a 2024. Abin da ya rage shi ne aiki: a buga lambar rukuni a kan kowane harsashi da DICON ta ƙera ko gwamnati ta sayo, a rubuta wace bataliya ko wane ofishin 'yan sanda aka ba, wanda ya karɓi talatin da safe ya kawo lissafinsu da yamma, sa'an nan duk inda aka kai hari a tsince kwanso a kai ɗakin bincike maimakon a bar wa yara su yi wasa da shi.

Sau da yawa akan tara 'yan jarida a baje musu bindigogin da aka ƙwace, a ɗauki hoto, wani lokaci ma a cinna musu wuta a bainar jama'a. Wannan ba laifi ba ne. Amma tambayar da ta fi amfani ga mutumin ƙauyen da aka kai wa hari ita ce: harsashin da aka harba daren jiya, daga rumbun wa ya fito, wa kuma ya sa hannu aka fitar da shi? Ranar da hukuma ta iya amsa wannan tambaya cikin mako guda, ranar ce bindigar da ke daji za ta soma komawa sanda, kamar yadda Mak-Fo ta koma ado a bangon masu ita lokacin da hula ta yanke.